Duniyoyin da Mata Suka Ƙaga a Littafi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan waɗansu littattafai da ba a cika jin sunansu ba, ko a bakin ma'abota karatun ƙagaggun labarai. Dukansu mata ne suka rubuta su, kuma dukansu suna magana ne a kan zaman mace a duniya, watau abin da aka yarda ta yi, da abin da aka hana ta, da kuma dalilin hanin.

Kafin in shiga cikinsu, ya kamata in faɗi irin labaran da nake nufi. Iri biyu ne. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya. A cikinsa marubuci yakan ɗauki wani abu na ilmin zamani, kamar kumbo ko magani ko wata na'ura, ya kai shi gaba da inda yake a yau, sa'an nan ya duba yadda zaman mutane zai kasance. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya san irinsa, domin a ciki ne aka ɗauki wani yaro aka yi yawo da shi sararin samaniya. Na biyu shi ne labarin almara, inda ake samun sihiri da dodanni da dabbobi masu magana, kamar dai tatsuniyoyin da muka taso muna ji.

Na san akwai iyaye, har da waɗansu malamai, da suke ganin irin wannan karatu ɓata lokaci ne. Sukan ce, me yaro zai ƙaru da shi a labarin abin da bai faru ba? Amsata ita ce, irin wannan labari kamar gwajin da muke yi ne a ɗakin kimiyya. In malami yana so ya nuna mana amfanin hasken rana ga tsiro, sai ya shuka wake a gwangwani biyu, ƙasa iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, ya ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin kabad. Abu ɗaya tak ya canja, saboda haka duk bambancin da aka gani daga nan ya fito. To, marubutan nan haka suke yi da zaman jama'a. Gari guda ba zai shiga gwangwani ba, amma yana shiga littafi. Sai marubuciya ta ce, da a ce 'yan mata aka sa makaranta aka bar maza a gida, yaya garin zai kasance? Da a ce an ƙone littattafan tarihi duka, wa zai tuna yadda mata suke a da?

Da na bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da abin da ya haɗa su. Marubutan ba ƙasarsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, kuma tsakanin littafin farko da na ƙarshe akwai shekara fiye da 300. Duk da haka gwajinsu wuri ɗaya yake ƙarewa, watau a kan ilmi. Duk inda mace ta yi ƙarfi a cikinsu, da ilmi ta yi shi, duk inda kuma aka danne ta, da hana ta sani aka fara.

Bari in fara da mafi tsufa. A shekara ta 1666 wata Baturiyar Ingila mai suna Margaret Cavendish ta buga littafi mai suna The Blazing World, watau Duniya Mai Ƙyalli. Labarin wata budurwa ce da wani ɗan kasuwa ya sace a bakin teku ya sa a jirgin ruwa. Iska ta kwashi jirgin ta yi ta tafiya da shi arewa har ƙarshen duniya, sanyi ya kashe mazan da ke ciki, ita kaɗai ta tsira. Daga nan jirgin ya zarce da ita wata duniya dabam, inda mutane suke da siffar dabbobi. Sarkin ƙasar ya aure ta, ya danƙa mata mulki. Abin da ta fara yi da mulkin shi ya ba ni sha'awa. Sai ta tara masanan ƙasar ta raba musu aiki. Masu siffar tsuntsaye ta ba su binciken taurari da iska, masu siffar kifi binciken teku, masu siffar tsutsa binciken cikin ƙasa. Ta yi ta jefa musu tambayoyi, kamar dalilin da ya sa ruwan teku yake da gishiri, in kuwa amsa ba ta gamshe ta ba sai ta yi musu gardama.

Domin mu gane dalilin wannan mafarki, sai mu dubi zamanin. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, wadda ake kira Royal Society, an kafa ta a 1660. A 1667 aka bar Margaret ta halarci zamansu sau ɗaya ta kalli gwaje-gwaje, ita ma don matar wani babban basarake ce. Ba a zaɓi wata masaniya mace ta zama 'yar ƙungiyar ba sai a 1945, shekara 278 bayan wannan ziyara. Watau dai majalisar da ba ta da kujera a cikinta a Landan ita ce ta kafa wa kanta a takarda, ta kuma zauna a gaba tana tambaya ana ba ta amsa.

Littafin da na fi so in jawo hankalinku gare shi kuwa gajere ne ƙwarai, ana iya karance shi tsakanin azahar da la'asar. Sunansa Sultana's Dream, watau Mafarkin Sultana. Wata Musulma ce ta rubuta shi da Turanci, sunanta Rokeya Sakhawat Hossain, wadda mu a bakinmu za mu ce Ruƙayya. An haife ta a 1880 a yankin Rangpur, wanda yanzu yake cikin ƙasar Bangladash, a lokacin da Ingilishi suke mulkin Indiya. Gidansu gidan masu hali ne, kuma matan gidan cikin kulle mai tsanani suke. An tura 'yan'uwanta maza makaranta, ita kuwa ba a sa ta ba. Yayanta namiji ne ya riƙa koya mata Turanci a ɓoye da dare, bayan mutanen gida sun yi barci.

Labarin ya fito a 1905 a wata mujallar mata ta birnin Madaras. Sultana tana zaune a kujera tana tunanin halin da matan Indiya suke ciki, sai barci ya kwashe ta. Ta ga wata mata da ta ɗauka ƙawarta ce Sara, matar ta ja ta yawo cikin gari. Sultana ta riƙa noƙewa don kunya kada maza su gan ta, amma ko namiji ɗaya ba ta gani a titi ba. Ashe a wannan ƙasa maza ne suke kulle, su ke girki su ke reno, mata kuwa su ke riƙe da mulki da ofisoshi. Da Sultana ta nuna mamaki, sai Sara ta buga mata misali da mahaukatan da suka tsere suna ɓarna a gari. Ai su ake kamawa a mayar, ba wanda zai kulle masu hankali ya bar mahaukata suna yawo. To, in tsoron ɓarnar maza ya sa ake tsare mata, wa ya kamata a tsare?

Yadda abin ya kai haka shi ne zuciyar labarin. An yi wata sarauniya mai son kimiyya, ta ba da doka a sa kowace yarinya makaranta, kuma kada a aurar da ita sai ta kai shekara 21. Aka kafa jami'o'i biyu na mata. Ɗaya ta ƙera wani babban balan-balan mai bututu da yake tsayawa a bisa gajimare yana zuƙo ruwa, ɗayar kuwa ta ƙera na'urar tara zafin rana a adana shi. Maza suna can suna tara makamai suna yi musu dariya. Ana nan sai waɗansu mutane suka gudo daga maƙwabciyar ƙasa suka nemi mafaka. Sarkinsu ya ce a ba shi su, sarauniya ta ƙi, sai yaƙi ya tashi. Aka fatattaki mayaƙan ƙasar har abokan gaba suka kusa babban birni. Nan ne shugabar jami'ar nan mai tara zafin rana ta ce za ta gwada, amma da sharaɗin maza su shiga gida tukuna. Mazan, da ma sun gaji kuma sun sha rauni, suka yarda. Ta fita da ɗalibanta 2,000 suka juya hasken ranar da suka tara kan rundunar abokan gaba, zafi da haske suka sa su gudu. Tun daga ranar maza ba su sake fitowa ba. A ƙasar ana girki da zafin rana babu hayaƙi, ana noma da lantarki, ana tafiya da mota mai tashi sama. Ku tuna cewa jirgin sama na farko ya tashi ne a 1903, shekara biyu kacal kafin labarin, farantin sola mai amfani kuwa ba a ƙera shi ba sai a 1954.

Kada wani ya ɗauka Ruƙayya tana neman a kulle maza ne da gaske. Ba'a ce take yi, irin ta wanda ya ce da kai ɗan ɗauki kayan nan ka ji nauyinsu. Abin da take nema na haƙiƙa ya bayyana a aikinta. Mijinta, wanda ya ƙarfafa mata gwiwa a kan rubutu, ya rasu a 1909, ya bar mata kuɗi don makarantar 'yan mata. A shekarar ta buɗe makaranta a Bhagalpur da yara biyar, a 1911 ta mayar da ita Kalkata. Ta riƙa bin gida gida tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu, har ta tanadi keken doki mai labule da zai riƙa ɗauko su domin kada wani ya kafa hujja da kulle. Ta rasu ran 9 ga Disamba 1932. Makarantar tana nan har yau, kuma a Bangladash ana tunawa da ita kowace shekara a wannan rana.

Ruƙayya ta nuna abin da ilmi zai ba mata. Littafi na gaba yana nuna abin da zai faru in an ƙwace shi ƙarƙaf. A 1937, shekara biyu kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka buga Swastika Night a Ingila. Swastika ita ce alamar jam'iyyar Hitila, saboda haka sunan yana nufin daren mulkinsa. Labarin yana faruwa ne shekara 700 bayan Hitila ya ci duniya. An raba ƙasashe tsakanin daular Jamus da ta Japan, an mayar da Hitila abin bauta, ana koya wa mutane cewa shi dogo ne ƙaƙƙarfa, kuma ba mace ce ta haife shi ba. Mata kuwa an aske musu kai, an tara su a unguwanni masu shinge kamar garke, ba mai iya karatu a cikinsu. In ɗa namiji ya kai wata 18 sai a raba shi da uwarsa. An ƙone tsofaffin littattafai da hotuna, har ya zama babu mai tuna cewa mata sun taɓa zama dabam da haka. Su kansu matan sun yarda cewa haka aka halicce su.

Wani makanikin jirgin sama Baturen Ingila mai suna Alfred ya je ziyara Jamus, sai wani tsohon basarake ya ba shi amanar abu biyu da gidansu ya ɓoye tun kaka da kakanni, littafin tarihi na gaskiya da hoto ɗaya. A hoton ga Hitila nan, ɗan mutum mai baƙin gashi, kusa da shi ga wani matashi dogo kyakkyawa ya tsaya kansa a ɗage. Da aka ce wa Alfred ai wannan matashi yarinya ce, sai ya kasa gaskatawa, domin bai taɓa ganin mace mai irin wannan tsayuwa ba. Hoto ɗaya ya rushe masa abin da aka shekara 700 ana ginawa. Da ya koma gida ya tarar an haifa masa 'ya mace, sai ya yi abin da maza ba sa yi a ƙasar, ya ɗauke ta ya rungume, yana tunanin abin da za ta iya zama da a ce za a bar ta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma ban taɓa karanta labarin da ya fito da ma'anar wannan karin magana kamar wannan ba.

Daga nan sai mu tsallaka Amurka, inda mata da yawa suka shiga wannan fage daga 1970 zuwa gaba. A 1978 Vonda McIntyre, wadda ta yi karatun ilmin halittu, ta fitar da Dreamsnake, watau Macijin Mafarki. Duniya ta lalace da yaƙin nukiliya tun da daɗewa, wata mai magani tana yawo cikin hamada da macizai uku. Biyu daga cikinsu, gamsheƙa da wani mai dafi, an sarrafa su ta yadda in an ba su wani haɗi sai dafinsu ya koma magani ko rigakafi. Na ukun ɗan ƙarami ne, saransa yana ɗauke wa mai jinya zafi da tsoro, ya sa shi mafarki mai daɗi ko da a bakin mutuwa yake. Wata rana ta je yi wa wani yaro maganin ƙari, sai iyayensa suka tsorata suka kashe ƙaramin macijin. Irinsa kuwa yana da wuyar samu, kuma in babu shi aikinta ya naƙasa. Sauran littafin tafiyarta ce ta neman wani. Abin lura shi ne wannan jaruma ba ta da wata baiwar da ta faɗo mata daga sama. Horo ta sha a makarantar masu magani, kuma da lura da gwaji take warware matsalolinta. Littafin ya ci manyan kyaututtuka biyu na wannan fanni, Hugo da Nebula, amma daga baya ya shekara da yawa ba a sake buga shi ba.

A ɓangaren almara akwai The Forgotten Beasts of Eld na Patricia McKillip, na 1974, watau Dabbobin Dutsen Eld da Aka Manta. Sybel budurwa ce da take zaune ita kaɗai a kan dutse da littattafan da ta gada. Ilminta shi ne sanin sunan asali na kowace halitta, in ta kira sunan dole mai shi ya zo. Da haka take riƙe da zaki da shaho da aladen daji mai warware kacici-kacici da wani dodo mai fukafukai. Wani sarki ya so ya aure ta amma yana tsoronta, sai ya ɗauko boka ya shafe mata ikon zaɓi, domin ta zama mai kyau mai biyayya wadda ba za ta iya cewa a'a ba. Ta kuɓuta, ta shiga shirin ramuwa, har ta ga cewa ta fara juya mutanen da suke ƙaunarta kamar yadda aka so a juya ta. Darasin a nan ya shafi mace da namiji duka, domin wanda aka zalunta ma yana iya zama azzalumi in ya sami dama.

Suzette Haden Elgin kuwa masaniyar harsuna ce, saboda haka gwajinta a kan harshe ta yi shi. A cikin Native Tongue, watau Harshen Uwa, na 1984, an soke gyaran tsarin mulkin Amurka na 1920 wanda ya ba mata damar jefa ƙuri'a, an mayar da su kamar yara a gaban doka. Amma tattalin arzikin duniya ya dogara ne a kan ciniki da halittun waɗansu duniyoyi, kuma iyalai 13 kaɗai ne suka iya tafinta, maza da mata. Matan suna aikin, maza suna karɓar ladan. In mace ta daina haihuwa sai a kai ta wani gida na tsofaffi, inda ake zaton saƙa kawai suke yi. Ashe a nan suke ƙirƙirar harshe nasu a ɓoye, mai kalmomin abubuwan da mata suke ji amma ba su da suna. Elgin ba ta tsaya a labari ba, ta tsara harshen da gaske, ta sa masa suna Láadan, ta buga ƙamus da nahawunsa. Wani abin sha'awa a cikinsa shi ne, mai magana yakan rufe jimlarsa da 'yar kalma mai nuna inda ya samo maganar, ko da idonsa ya gani, ko wani amintacce ya faɗa masa, ko a mafarki ya gani. Mu Hausawa muna da ɗan irin wannan a kalmar wai. Harshen bai sami masu magana da shi da yawa ba, ita ma Elgin ta faɗi haka daga baya, amma tambayarta tana nan, watau abin da ba shi da suna, yaya za a kai ƙararsa?

Littattafai biyu na ƙarshe sun taɓo ɓangarenmu na duniya. Octavia Butler baƙar fatar Amurka ce, uwarta aikatau take yi a gidajen Turawa. A 1980 ta fitar da Wild Seed, watau Irin Daji, wanda ya fara a ƙasar Ibo a shekara ta 1690. Anyanwu mace ce mai shekara wajen 300 wadda ba ta tsufa. Ta san cikin jikinta kamar yadda manomi ya san gonarsa, tana iya gwada ganye a kanta ta gane amfaninsa, ta haɗa magani a cikin jininta, ta kuma rikiɗa ta zama damisa ko gaggafa. Sai ga Doro, wani da ya shekara dubbai yana rayuwa ta hanyar kashe mutane ya shiga jikinsu, kuma yana tara masu baiwa yana haɗa su aure kamar mai kiwo. Ya tafi da ita Amurka a zamanin cinikin bayi, bayan ya razana ta da cewa zai kwashe 'ya'yanta. Ba ta iya kashe shi, shi kuma ya kasa mallakar zuciyarta, suka shekara wajen 150 suna wannan ja-in-ja. Butler ta yi amfani da labarin ta nuna yadda bauta take, da yadda mai rauni yake kare mutuncinsa da na 'ya'yansa in ba shi da ƙarfin faɗa.

Nnedi Okorafor kuwa an haife ta a Amurka a 1974, iyayenta Ibo ne daga Nijeriya. Littafinta The Shadow Speaker, watau Mai Magana da Inuwa, ya fito a 2007, kuma yana faruwa ne a ƙasar Nijar wajen shekara ta 2070, bayan wani babban sauyi ya cakuɗa kimiyya da sihiri. Ejii yarinya ce Musulma 'yar shekara 14 mai jin maganar inuwoyi. Ubanta ya mulki garinsu ya takura wa mata, sai wata jaruma da ake kira Sarauniya Jaa ta dawo ta sare masa kai a gaban jama'a, Ejii tana kallo. Da ta girma kaɗan sai inuwoyi suka ce ta bi Jaa ta ƙetare Sahara domin a hana wani yaƙi. Ta tafi da raƙuminta mai magana. A hanya ta gane cewa takobin da ya 'yantar da garinsu shi ne kuma yake neman jawo yaƙin, kuma abin da ake bukata a wurinta shi ne ta koyi sauraro da sasanta mutane. Shi ma wannan littafi an daina buga shi na shekaru, sai a 2023 aka sake fito da shi da gyare-gyare.

To, me ya sa ba mu cika jin labarin waɗannan littattafai ba? Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne ɓoye suna. Swastika Night ya fito ne da sunan namiji, Murray Constantine. Sai da wata malamar jami'a mai suna Daphne Patai ta bi diddigi aka gane cewa Katharine Burdekin ce ta rubuta shi, aka sake buga shi da sunanta a 1985, shekara 22 bayan rasuwarta. Haka Alice Sheldon ta yi ta rubutu da sunan James Tiptree tana cin kyaututtuka, har wani shahararren marubuci ya dage a rubuce cewa wannan alƙalami na namiji ne, kafin asiri ya tonu wajen ƙarshen 1976. Dalili na biyu shi ne rashin sake bugawa. Herland na Charlotte Perkins Gilman, labarin maza uku da suka faɗa ƙasar da babu kowa sai mata, ya fito kashi kashi a mujalla a 1915, amma bai zama littafi ba sai a 1979. Littafin da ba a sake bugawa ba ya shiga laburare, wanda ba ya laburare kuwa malami ba zai sa shi a manhaja ba.

Ba ina cewa duk abin da ke cikin littattafan nan abin ɗauka ba ne. Yawancinsu daga waɗansu al'adu suka fito, kuma akwai wuraren da suka saɓa da tarbiyyarmu. Ita Gilman, duk da kishinta na mata, tana da ra'ayin fifita farar fata, kuma ana jin ƙanshinsa a rubutunta. Swastika Night da Wild Seed da Dreamsnake na manya ne, akwai tashin hankali da maganganun da ba su dace da ƙananan ɗalibai ba. Shawarata ita ce 'yan ƙananan azuzuwa su fara da Mafarkin Sultana, wanda ake samu kyauta a intanet, sa'an nan littafin Okorafor, wanda da ma don matasa aka rubuta shi. Sauran a bari sai an girma, a kuma karanta su kamar yadda ake tsince shinkafa, a ɗauki ƙwaya a zubar da tsakuwa.

Dalilin da ya sa na ga ya dace in kawo wannan magana a mujallarmu shi ne, gwajin da matan nan suka yi a takarda mu a gabanmu yake gudana. Kowannenmu ya san yarinyar da muka fara firamare tare, mai ƙwaƙwalwa, wadda aka cire kafin ta gama. Mun kuma san waɗanda suke son lissafi da kimiyya amma suka janye don an ce musu wannan karatun maza ne. In aka cire yarinya daga makaranta, daga baya aka ce ai mata ba sa iya kaza, to an yi kamar wanda ya sa wake a kabad ya dawo yana zagin irin.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in kun ga 'yarku ko ɗanku da irin wannan littafi, ku tambaye su abin da ke ciki kafin ku yanke hukunci, ku kuma bar 'yan mata su kai ƙarshen karatunsu. 'Yan'uwana maza, ku ma ku karanta, domin a labarin Burdekin namiji ne ya ga hoton ya canja, kuma yayan Ruƙayya namiji ne. Ina kuma ba ƙungiyar Hausa ta makarantarmu shawara ta fassara Mafarkin Sultana, tun da bai wuce 'yan shafuka ba, a karanta wa iyayenmu mata da ba su jin Turanci, mu ji abin da za su ce.